Yadda ake aiki da furotin na dashe a binciken ƙoda: misali da TGF-β1

'Yar kwalbar da ke zuwa daga kamfani ba ta kai ɗan yatsa tsawo ba, kuma wanda bai saba ba, idan ya ɗaga ta a haske, zai rantse cewa babu komai a cikinta. Abin da ke ciki maikurogiram 10 ne na busasshen furotin, wanda ya manne a gindin kwalbar kamar sauran gishirin da ruwa ya bari bayan ya ƙafe, amma wannan ɗan abin ya isa a haɗa lita 2 na ruwan renon ƙwayoyin halitta, kuma kuɗinsa kan ci kaso mai tsoka daga kasafin ɗalibin digiri na biyu. Gwaje-gwaje da yawa kan lalace tun a mintuna goman farko bayan buɗe wannan kwalba, mai binciken kuma ba zai ankara ba sai bayan makonni, lokacin da sakamako ya ƙi fitowa ya koma yana zargin ƙwayoyin da yake reno. Saboda haka za a bi aikin daga zaɓen furotin har zuwa karanta sakamako, ana kafa misali da TGF-β1, furotin ɗin da aka fi amfani da shi wajen kwaikwayon tabon da ke cinye ƙoda a ciwon ƙoda mai daɗewa.

Furotin na dashe, wanda masana ke kira rikombinan, shi ne wanda aka samu ta hanyar ɗauko ƙwayar gadon ɗan Adam da ke ɗauke da umarnin ƙera shi, a dasa ta cikin wata halitta da ake iya renonta da yawa, ita kuma ta riƙa ƙera shi, sannan a tace shi. Stanley Cohen da Herbert Boyer ne suka nuna yiwuwar hakan a Amurka a shekarar 1973, kuma insulin ɗin ɗan Adam da aka samu ta wannan hanya ya sami amincewar hukuma a 1982. Masu ciwon ƙoda sun ga amfanin dabarar tun da wuri, domin ƙoda ce ke samar da mafi yawan sinadarin EPO mai umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, kuma da ta gaza sai ƙarancin jini ya biyo baya. An amince da EPO na dashe a matsayin magani a Amurka a 1989. A cikin labarinsa akwai darasin farko ga mai bincike: kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin EPO sarƙoƙin sukari ne da ke rataye a jikinsa, bakteriya kuwa ba ta iya rataya irin waɗannan sarƙoƙi, shi ya sa ake ƙera shi a ƙwayoyin CHO, waɗanda asalinsu daga ma'ajiyar ƙwan wata dabba mai kama da ɓera ne. EPO ɗin da ba shi da sukari yana iya aiki a farantin renon ƙwayoyi, amma a jikin dabba ba ya daɗewa a jini.

Abin da za a fara tambaya ke nan kafin a duba farashi: a wace halitta aka ƙera furotin ɗin, kuma shin abin da ake son gani ya dogara da irin adon da halittar ke yi masa? Bakteriyar E. coli ita ce mafi sauƙin kuɗi, kuma ta wadatar ga ƙananan furotin marasa buƙatar sukari. Akwai yis, akwai ƙwayoyin ƙwari, sannan akwai ƙwayoyin CHO da na HEK293, masu asali daga jikin ɗan Adam, waɗanda suka fi kusa da yadda jikin mutum ke yi. Furotin na FGF23, mai umartar ƙoda ta zubar da fosfet cikin fitsari, yana da amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, guda 251, kuma akwai inda ake tsinka shi tsakanin na 179 da na 180, da zarar an tsinka shi kuwa ya daina aikin da aka san shi da shi. Don haka wasu kamfanoni ke sayar da wanda aka sauya masa amino asid ɗaya a wurin don ya ƙi tsinkuwa, kuma wajibi ne a san wanne aka saya. Haka kuma FGF23 ba ya yin tasiri sosai sai a ƙwayar da ke da abokin aikinsa Klotho, wanda Makoto Kuro-o ya gano a Japan a 1997. Wanda ya zuba shi kan ƙwayoyin da ba su da Klotho bai ga komai ba, kada ya yi gaggawar ɗora wa kamfani laifi. Wani misalin da nake so shi ne na NGAL, alamar raunin ƙoda da ake aunawa a fitsari. Lokacin da aka ƙera shi a E. coli an lura yana fitowa da launin ja, bincike kuma ya nuna cewa ya kamo wani sinadarin bakteriyar ne mai ɗauke da ƙarfe, ta nan aka gane aikinsa na hana bakteriya samun ƙarfe. Ga mai saye, ma'anar wannan ita ce furotin na iya zuwa da baƙon da ba a rubuta sunansa a jikin kwalba ba.

TGF-β1 mai aiki tagwaye ne, sarƙoƙi biyu masu amino asid 112 kowacce, nauyinsu a haɗe kimanin kilodalton 25. A jiki ana fitar da shi a ɗaure cikin wani ɓangare da ke hana shi aiki har sai an kwance shi, don haka kamfanoni kan sayar da iri biyu, ɗaurarre da kwantacce, kuma wanda ake buƙata don wannan gwaji kwantaccen ne. Na mutum da na ɓera sun bambanta da amino asid ɗaya kacal, saboda haka na mutum yana aiki a ƙwayoyin ƙodar ɓera. Wannan ba doka ce ta kowane furotin ba, domin intaferon gama na mutum, wani furotin na garkuwar jiki, ba ya aiki a ƙwayoyin ɓera, kuma mutane da yawa sun yi asarar kuɗi a kan wannan.

Takardar bayanin da ke tare da furotin, da takardar shaidar gwajin rukunin da aka aiko, sun cancanci a karanta su layi-layi kafin a biya kuɗi. A duba daga wane amino asid zuwa wanne aka ƙera, a duba ko an liƙa masa wutsiya irin ta His ko ta Fc don sauƙin tacewa, domin wutsiyar Fc babba ce kuma tana haɗa furotin biyu-biyu, abin da ke iya sauya ƙarfinsa. A duba tsabta, wadda galibi ake so ta wuce kashi 95 cikin 100. A duba ko an gwada aikinsa a kan ƙwayoyi masu rai, an kuma rubuta adadin da ke ba da rabin tasiri, domin furotin na iya fitowa tsaf a gwajin tsabta alhali bai naɗe daidai ba, ba ya kuma aikin komai. A duba ko an gauraya shi da BSA, wato albumin na jinin shanu da ake sa wa a matsayin garkuwa. Mai BSA ya fi dacewa da renon ƙwayoyi, wanda ba shi da shi kuma ya fi dacewa da allurar dabbobin gwaji ko shafawa a farantin ELISA, gwajin auna yawan furotin. Abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne endotoksin, dafin da ke bangon bakteriya irin su E. coli. Ma'aunin da aka saba gani shi ne ƙasa da EU 1, wato ma'aunin endotoksin ɗaya, a kowane maikurogiram, amma mai nazarin kumburi a ƙoda ya nemi wanda bai kai 0.1 ba, saboda ƙwayoyin bututun ƙoda da na garkuwar jiki suna da makamar TLR4 mai jin wannan dafi, kuma abin da za a ɗauka aikin furotin ne zai iya zama aikin dafin. A ƙarshen takardar za a ga an rubuta cewa don bincike kawai aka yi shi. Wannan magana ce ta gaske: irin wannan furotin ba magani ba ne, ba a kuma yi wa mutum allurarsa.

Ga wanda ke aiki a Kano, Zariya, Damaturu ko Yamai, shawarata ita ce ya sayi busasshe duk lokacin da akwai zaɓi. Busasshen furotin yana jure kwanakin tafiya ba tare da sanyi ba, na ruwa kuwa rayuwarsa ta rataya a kan busasshiyar ƙanƙara, wadda ke ƙarewa cikin 'yan kwanaki. Na taɓa karɓar akwatin da ya yi jinkiri wajen fitowa daga filin jirgi, na buɗe na tarar da farin kwali fayau, ba ko ɓurɓushin ƙanƙara, kwalaben kuma da ɗumi. Busassun da ke ciki sun yi aiki, na ruwan kuwa sai dai haƙuri. Da kaya sun iso a rubuta ranar da yanayin da suka zo, a sa su a firiza a digiri 20 ƙasa da sifili, kada a buɗe sai ranar da aka shirya komai.

Ranar narkarwa, a fitar da kwalbar a bar ta a rufe ta kai zafin ɗaki, kimanin minti 15, don kada raɓa ta taru a ciki. Sannan a juya ta a santirifuj, na'urar da ke wulwula kwalba abin da ke ciki ya koma gindi, na kimanin daƙiƙa 30 kafin a taɓa murfin. Wannan mataki shi aka fi tsallakewa, shi kuma ya fi tsada, domin girgizar hanya kan watsa garin ya maƙale a murfi, wanda ya buɗe haka nan zai iya zubar da rabin abin da ya saya a kan safar hannunsa bai sani ba. Bayan haka sai a zuba ruwan da takardar ta ambata, shi ɗin dai, ko da akwai wani a kusa da hannu. TGF-β1 ba ya narkewa da kyau a ruwan gishirin PBS da aka saba da shi, yana kuma manne wa roba da gilashi, don haka ake narkar da shi a ruwa mai tsami. Wasu kamfanoni na umartar a yi amfani da asid na HCl mai ƙarfin milimola 4 tare da BSA kashi 0.1 cikin 100, wasu kuma asid na sitirik mai milimola 10. Haɗa na farkon ba shi da wuya: maikurolita 40 na HCl mai mola 1 cikin mililita 10 na tataccen ruwa, a zuba miligiram 10 na BSA mai ƙarancin endotoksin, a tace da matatar maikuromita 0.22. Ruwan narkarwar ake tacewa kafin a zuba shi a kwalba. Idan aka tace bayan furotin ya shiga, matatar za ta riƙe kaso mai yawa daga cikinsa.

Idan kwalbar ta maikurogiram 10 ce, maikurolita 100 za su ba da maikurogiram 100 a kowace mililita. A zuba ruwan a hankali ta jikin bangon kwalbar, a bar ta ta zauna minti 10 zuwa 15, a riƙa juya ta da yatsu a hankali. Kada a sa ta a na'urar girgizawa, kada kuma a yi ta ja da turawa da fifet, wato ma'aunin ɗibar ruwa kaɗan-kaɗan, har kumfa ya tashi, saboda a bakin kumfa ne furotin ke warwarewa ya rasa siffarsa. Daga nan a raba shi nan take cikin ƙananan bututu marasa riƙe furotin, maikurolita 10 a kowanne, a rubuta suna, ƙarfi, lambar rukuni da kwanan wata a jikin kowane ɗaya, da alƙalamin da barasa ba ta gogewa. Manufar rabawar ita ce kowane bututu ya daskare sau ɗaya ya narke sau ɗaya. A ajiye su a digiri 80 ƙasa da sifili idan akwai, in babu a digiri 20 ƙasa da sifili, amma a guji firizar gida mai narkar da ƙanƙararta da kanta, domin tana ɗumama cikinta lokaci-lokaci, a kuma guji ƙofar firiza. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a cusa akwatin can ƙasa tsakanin robobin ruwa daskararru, sannan a ajiye wani ɗan bututu mai daskararren ruwa a kife kusa da shi: ranar da aka tarar ƙanƙarar ta gangaro zuwa murfi, an san firizar ta narke cikin dare ko da an same ta da sanyi da safe. Raba bututun tsakanin firiza biyu a gine-gine daban-daban ba tsoro ba ne, dabara ce ta wanda ya taɓa yin asara.

Ƙwayoyin da aka fi yin wannan gwaji da su su ne HK-2, waɗanda aka samar a 1994 daga farkon bututun tace fitsari na ƙodar mutum, aka sa musu ƙwayoyin gadon E6 da E7 na ƙwayar cutar HPV-16 don su ci gaba da rabuwa. Kada sunan HEK293 ya ruɗi kowa. Ko da yake daga ƙodar ɗan tayi aka samo su a Laidin ta ƙasar Holan a 1973, halayensu sun yi nisa da na ƙwayar bututun ƙoda, sun fi amfani a matsayin masana'antar furotin. Kafin a fara, a tabbatar babu maikofilasma, wata ƙaramar bakteriya mai gurɓata reno, a cikin ƙwayoyin, a kuma rubuta sau nawa aka sake shuka su, domin tsofaffin HK-2 kan fara nuna alamun tabo tun ba a zuba musu komai ba. A shuka su a faranti mai gurbi 6, a bari su rufe kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na gindin gurbin, sannan a cire musu siram, wato ruwan jinin da ake ƙarawa cikin ruwan reno, ko a rage shi zuwa kashi 0.5, na tsawon dare ɗaya. Dalili shi ne siram na ɗauke da nasa TGF-β da wasu sinadaran girma, idan aka bar shi ba za a iya bambance aikin wanda aka zuba da na wanda ke nan tun asali ba.

Adadin da aka saba amfani da shi yana tsakanin nanogiram 2 zuwa 10 a kowace mililita. Daga maikurogiram 100 zuwa nanogiram 5 tsarmawa ce ta ninki 20,000, ba kuwa fifet ɗin da zai iya wannan a mataki ɗaya cikin aminci. A ɗauki bututu ɗaya na maikurolita 10 a haɗa da maikurolita 990 na ruwan reno mai ɗan BSA, a sami maikurogiram 1 a mililita, sannan a ɗebi maikurolita 5 daga wannan ga kowace mililita ta ruwan da za a zuba wa ƙwayoyin. Ya fi kyau a haɗa ruwan dukan guraben a bututu ɗaya sannan a raba, maimakon ɗigawa gurbi-gurbi. Wannan tsarmamme na tsakiya a yi amfani da shi a ranar, a zubar da ragowar, ko da zuciya ba ta so. A karon farko kada a dogara da adadin da aka gani a aikin wani. A gwada 0, 1, 2, 5 da 10, a ga inda tasirin ya fara da inda ya daina ƙaruwa a hannun mai binciken kansa.

Guraben kwatance su ne ke ba sakamako daraja, kuma a nan ne ba na yarda a yi rowa. Gurbi na farko zai sami ruwan narkarwar kaɗai, wato asid da BSA, a tsarme daidai yadda aka tsarma furotin. Na biyu zai sami TGF-β1 tare da SB431542, sinadarin da ke toshe ALK5, makamar da TGF-β1 ke isar da saƙonsa ta cikinta, galibi a maikuromola 10, wanda ake zubawa kimanin awa ɗaya kafin furotin. Idan tasirin ya ɓace, an tabbatar ta hanyar da ake zato ya bi. Na uku, musamman ga duk furotin ɗin da aka ƙera a bakteriya, zai sami furotin ɗin da aka tafasa. Zafi na kashe aikin mafi yawan furotin amma endotoksin na jure tafasa, saboda haka idan tafasasshen ya yi abin da ɗanyen ya yi, to dafi ake kallo. Ana iya ƙarfafa wannan da folimiksin B, mai ɗaure endotoksin.

Hanya mafi sauri ta sanin ko furotin na da rai ita ce a tattara ƙwayoyin bayan minti 30 zuwa 60 a duba ko Smad2 da Smad3, furotin masu isar da saƙon TGF-β1 a cikin ƙwaya, sun karɓi fosfet, ta gwajin gano furotin da ake kira westan bulot. Wannan aikin yini ɗaya ko biyu ne, yana kuma ceton makonni, ya kamata a maimaita shi duk lokacin da aka buɗe sabon rukuni ko aka yi shakkar firiza. Saƙon ƙwayoyin gado irin su PAI-1 da CTGF na tashi cikin 'yan awanni, faibironektin da kolajin kuwa, furotin ɗin da ke gina tabo, sai an kai awa 24 zuwa 72. A madubin ƙara girma, ƙwayoyin da da suke jere kamar daɓen tsakuwa za su miƙe su yi tsini, su fara barin tazara a tsakaninsu. Sau uku ake son a maimaita gwajin a ranaku daban-daban da shuka daban-daban; gurabe uku a faranti ɗaya gwaji ɗaya ne.

Wajen fassara a yi taka-tsantsan. An daɗe ana cewa wannan sauyin siffa shaida ce cewa ƙwayoyin bututu ne ke rikiɗa su zama masu ƙera tabo a ƙodar majiyyaci, amma aikin da Benjamin Humphreys da abokansa suka wallafa a 2010, inda suka bi zuriyar ƙwayoyi a ƙodar ɓeraye, ya nuna cewa mafi yawan masu ƙera tabon sun fito ne daga ƙwayoyin da ke kewaye da ƙananan jijiyoyin jini. Abin da faranti ya nuna shi ne yadda ƙwayar bututu ke amsa wa TGF-β1, a kan haka kuma ya kamata a tsaya wajen rubutawa.

Irin wannan iyaka ta fi bayyana a kan furotin na APOL1, wanda ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. A 2010 aka gano cewa nau'o'insa biyu, G1 da G2, waɗanda ke ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda, kuma suna da yawa a wasu al'ummomin Najeriya da Gana. Ana samun APOL1 na dashe a kasuwa, yana kuma da amfani wajen nazarin yadda yake huda bangon ƙwayar cutar ko kuma a matsayin ma'auni. Sai dai abin da aka gani a dashen ƙoda ya nuna cewa nau'in APOL1 da ƙodar da aka bayar ke ɗauke da shi yana da tasiri a kan daɗewarta, wato furotin ɗin da ƙwayar ƙodar ke ƙerawa a cikinta shi ne abin lura fiye da wanda hanta ke zubawa a jini. Wanda ke son nazarin wannan cuta ya fi kyau ya sa ƙwayoyin su ƙera APOL1 da kansu, ta hanyar dasa musu ƙwayar gadon ko tayar da tasu da intaferon gama na mutum, ya kuma tuna cewa ɓeraye ba su da wannan ƙwayar gado ko kaɗan sai an dasa musu. Idan aka zaɓi hanyar intaferon, kafin komai a binciki wane nau'in APOL1 ƙwayoyin da ake reno ke ɗauke da shi, a rubuta shi a littafin aiki kusa da lambar rukunin furotin.